Yadda za ka haɗa manyan da za su riƙe maka kamfani in ya fara girma

Tambayar da ta fi yawa da ake min kwanan nan ita ce wai ta yaya na samu mutanen da ke riƙe min wuri in ba ni nan. Wasu a waya, wasu wurin suna, wani ma bakin masallaci ya tsare ni bayan Juma'a har rana ta gasa mu. To bari in rubuta sau guda kowa ya samu. Mu harkarmu sayen aya da riɗi da gyaɗa ce daga kasuwannin ƙauye, mu gyara mu zuba a buhu da leda mu sayar, mun fara mu huɗu a shago guda nan Maradi yanzu mun haura talatin. Amma ko kai harkar kai saƙo da babura kake, ko manhajar waya ka ƙirƙiro, matakan kusan ɗaya ne. Ka bi su a jere, don yawancin ɓarnar da na gani tsallake mataki ne ya jawo ta.

1. Sayi kaye kafin ka ɗauki kowa

Kaye na ƴan lakwal ya isa. Sati biyu cur, duk wanda ya kira ka ko ya shigo biro yana neman ka yanke wata magana, rubuta: wa ya zo, me yake so, minti nawa ya ci maka. Kar ka raina komi, har "Alhaji man gurup ya ƙare" da "Alhaji ina makullin magaze" duk ka sa. Ranar ƙarshe ka raba su kashi huɗu, na kuɗɗi, na aiki da kaya, na kasuwa da masu saye, na ma'aikata. Kashin da ya fi cika shafi nan ne kujerar da kake buƙata, ba wadda ka ga wani kamfanin Yamai ya yi ba.

Ni da na yi nawa kunya ta kama ni, rabin kwanana ashe a kan sa hannu a bon na jikka biyar, jikka goma yake tafiya, ga manyan masu saye na jirana ban samu na kira su ba.

Hattara: in kayen bai cika ba, in har yanzu kana iya gama komi kafin la'asar, to lokacin bai yi ba. Ka ɗauki ma'aikaci na ƙasa ka ci gaba.

2. Ku gama magana ku da kunka kafa wurin

In ku biyu ne ko uku, kar ka kawo baƙo cikin gidan da masu shi ba su san wa ke gaba ba. Ku zauna ku yanke wa ke da magana ta ƙarshe, mutum guda, ba "mu duka" ba. Sauran kowa ya ɗauki ɓangare guda ya riƙe shi a matsayin ma'aikaci mai albashi, kasonsa na riba daban.

Sannan a sa a takarda. Nijar na cikin ƙasashen OHADA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka da sunka haɗa dokokin kasuwancinsu, dokar kamfanoni ɗaya muke bi da su. In SARL kunka yi, wato kamfanin da asarar kowa ke tsayawa kan jarin da ya zuba, wanda sunansa ke rubuce a matsayin jeran, wato manajan kamfani, shi doka ta sani, shi ke ɗaure kamfani da sa hannunsa, ko da a baki kun ce wani ne babba. Tun gyaran dokar na 2014 akwai kuma wani nau'in kamfani, SAS, wanda ya fi ba ku sararin tsara iko yadda kuke so. Ku je wurin noter, wato mai tabbatar da takardu a hukumance, ko lauya da tambayoyi uku a rubuce: in ɗaya ya ce ya gaji zai fita, nawa za a biya shi kuma cikin wata nawa? In ya daina zuwa aiki kasonsa na nan yadda yake? In Allah ya yi masa rasuwa, magada za su shigo su zauna kujerarsa ne ko za a ƙiyasta kason a biya su? Wannan ta ukun mutane na jin nauyin ta da ita, wai kamar fatan mutuwa. Ku yi ta tun kuna dariya da juna.

3. Kujerar kuɗɗi ita ce ta farko

Ko me kayenka ya nuna, ni shawarata ka fara da mai kula da kuɗɗi, sai mai kula da aiki da magaze, sai mai kasuwa. Mai kula da ma'aikata ya jira sai kun yi yawa sosai, kafin nan kai da kontabil kun isa. Dalili, in ka kawo gwanin kasuwa alhali lissafi bai zauna ba, zai sayar da yawa ne kawai ku yi asara da sauri ba ku sani ba.

Mai kuɗɗin nan ba mai ƙirga takardu nake nufi ba. Ina nufin wanda zai iya ce maka ranar Litinin ga abin da ke banki, ga na kes, ga na Nita da Amana da Airtel Money, ga bashin da muke bi, ga wanda ake bin mu, kuma in munka ci gaba haka sati kaza kuɗɗin zai kai mu. Ya san SYSCOHADA, wato tsarin rubuta lissafi na ƙasashen OHADA, ya san ranakun kai lanho, ya san cewa TVA ɗin nan, harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, ta 19 cikin 100 da ka karɓa hannun mai saye ba taka ba ce, ajiya ce ta gwamnati. Mutane da yawa nan suke faɗawa rami, su juya ta cikin jari, ranar biya ido ya raina fata.

Hattara: wanda ke rubuta lissafi kar ya riƙe kes, wanda ke riƙe kes kar ya riƙe makullin magaze. Ko waliyyi ne. Ba zargi ba ne, kariya ce gare shi, ranar da buhu goma sunka ɓace ya samu abin da zai wanke kansa da shi.

In albashin babban kontabil ya fi ƙarfinka, ɗauki matashi mai difilom ya zauna kullum, ka yi yarjejeniya da wani ofishin lissafi su riƙa zuwa sau ɗaya a wata suna duba shi. Mu haka munka yi kusan shekara biyu.

4. Inda za ka samo su, da maganar dangi

Fara dubawa cikin gida. Akwai yaron da in ka yi tafiya shi sauran ke tambaya ko da ba ka naɗa shi ba, wannan rabin shugaba ne tun tuni. Amma ka lura, wanda ya fi kowa iya sayarwa ba lalle ya iya riƙe masu sayarwa ba, wani in ka ɗaga shi ka yi asara biyu, ka rasa gwanin talla ka samu shugaba mai faɗa da kowa.

Daga waje kuwa, akwai yaran da ke fitowa jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, akwai waɗanda sunka yi aiki da bankuna ko ƙungiyoyin agaji, akwai kuma waɗanda sunka tashi hannun alhazan garin nan, ba su da takarda mai yawa amma sun san hanyar Dan Isa zuwa Jibiya da Katsina kamar tafin hannunsu, sun san duwan, sun san wa ke biyan bashi wa ke ja. Kar ka raina waɗannan a kujerar kasuwa. Wanda ya fito ƙungiyar agaji kuma ka tambaye shi da kyau, can an saba da kuɗɗin da aka riga aka ware sai a kashe, nan kuwa sai an nemo. Wanda za ka ɗauko daga Yamai ka tambaye shi iyalinsa fa, za su biyo shi? In ya ce "sai a hankali", to ka san kowane ƙarshen sati zuciyarsa na kan hanya, tafiyar da ta haura kilomita 600.

Gwaji kuma kar ya tsaya a hira, kowa ya iya magana. Ba shi aiki na gaske na kwana biyu ka biya shi. Mai neman kujerar kuɗɗi ka ba shi tarin faktir da resi na watan da ya wuce, a hargitse yadda suke, ka ce ya fito maka da inda aka tsaya. Mai neman kujerar aiki ka kai shi magaze ya zagaya, ka ce ya faɗa maka abu uku da zai canja. Ka kuma lura yadda ya gaida mai gadi da matan da ke tsintar riɗi. Bayan nan ka nemi wanda ya yi wa aiki a da, ka je da ƙafarka in da hali, ka yi masa tambaya guda: "In ya dawo gobe za ka sake ɗaukarsa?" Mutanenmu ba sa son ɓata mutum, ba zai ce a'a ba, amma shirun da zai yi kafin ya amsa ya ishe ka.

Yanzu dangi. Nan ne kowa ke tambaya a ɓoye. Ranar da aka ji kana neman darakta, kawu zai zo da ɗansa, Hajiya za ta kira ta ce ga ƙanenka nan zaune ba aiki. Ni ban ce kar ka ɗauki ɗan uwa ba, cinikin garin nan ma ai da ƴan uwa da barori aka gina shi. Abin da nake yi shi ne in tambayi kaina, in ya yi ɓarna zan iya sallamarsa in kuma je gidansu gaisuwar salla? In amsar a'a ce, ba ya hawa babbar kujera. Na taɓa sa wani ɗan uwa kan magaze don kunya, wata takwas lissafin buhu bai taɓa daidaita ba, kontabil na tsoron faɗa min, ni ma ina tsoron tambaya, ƙarshe abin da na gudu shi ya faru, zumunci ya yi tsami ga asara a kai. Yanzu amsata guda ce kuma da ladabi: "Kawu, ya zo ya yi gwajin da kowa ke yi, in ya ci nasa ne, in bai ci ba ni zan taimaka masa da jari ya kama nasa." Jarin nan ya fi arha nesa ba kusa ba.

5. Lissafa kuɗɗin kujerar, ka rubuta kontira

Albashi ba shi ne duka kuɗɗin ba. Akwai kason da kamfani ke zubawa CNSS, asusun fansho da kariyar ma'aikata, akwai babur da mai, kiredin waya da intanet, kwamfuta, wani lokaci har haya. Ni a nawa lissafin ina ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan albashi. A ce misali kun shirya kan jikka 250 a wata, to ka ɗauka jikka 330 da ɗoriya ne, a shekara kusan miliyan 4. In ba ka da na wata shida a ajiye, wato wajen miliyan 2, kar ka kira shi tukuna. Babu abin da ke zubar da girman mai kamfani kamar daraktansa ya zo yana tambayar albashi ranar 10 ga wata.

Kontira a rubuce, bisa dokar aiki ta 2012, lokacin gwaji ya fito ɓaro-ɓaro a ciki don in ba a rubuta ba ba ka da hujja. A yi masa rajista a CNSS tun watan farko. A haɗa da takarda guda, shafi ɗaya tak: ga abin da ke hannunka, ga lambobi uku da za a auna ka da su, ga abin da nake son gani bayan kwana 90.

Firim kuwa, wato ladan da ake ƙarawa kan albashi, ka ɗaura shi kan abin da ya shigo, ba abin da ya fita ba. Mai kasuwa in ka ce za ka ba shi kaso kan abin da ya sayar, zai rabar da kayanka bashi har Tasawa da Mayahi ya zo ya karɓi firim ɗinsa. Ka ce kan kuɗɗin da aka karɓo.

Hattara da ba da hannun jari da wuri. Kamfanonin fasaha na Amurka ma da sunka shahara da wannan ba sa bayarwa lokaci guda, a kan shekara huɗu suke rabawa, kuma wanda bai cika shekara guda ba ba ya samun komi. In za ka yi, yi irin haka a gaban noter. In ba haka ba ka tsaya kan kaso daga ribar ƙarshen shekara, ya fi sauƙin warwarewa. Haka ma suna, kar ka yi saurin cewa "darakta". Fara da "mai kula da", don suna in ya hau saukar da shi sai da rigima.

6. Ba shi wuƙa da nama, amma da iyaka a rubuce

Wannan matakin shi ne gaba ɗayan maganar, kuma nan ne mu masu kamfani muke kasawa, ba su ba. Ka ɗauko mutum da tsada, ka ba shi biro da kujera mai juyawa, amma ko buhun leda zai saya sai ya kira ka. To me ka saya?

Zauna da kowanensu ku rubuta iyaka da lamba. Misali, daga jikka 1 zuwa 100 ya yanke shi kaɗai ya kawo resi. Daga nan zuwa 500 shi da mai kuɗɗi su sa hannu tare. Abin da ya haura sai da kai. Haka bashi, nawa mai kasuwa zai iya ba mutum guda kuma na kwana nawa. Haka ragi a farashi. Haka ɗaukar ma'aikaci da ba da awans. A banki ma ka sa shek mai nauyi ya zama sai da hannu biyu. Bayan wata uku in ka ga ya riƙe amana ka ɗaga iyakar.

Sai ka tara ma'aikata duka ka faɗa da bakinka a gabansu, daga yau maganar magaze wurin wane take. Gwajinka zai zo cikin satin nan. Tsohon ma'aikaci, wanda kunka fara tare tun ana ɗaukar buhu a ka, zai zagayo ta baya ya same ka: "Alhaji, yaron nan da ka kawo ya hana ni kaza." In ka ce "bar shi, je ka yi", ka kashe sabon shugaban nan take, gobe kowa ta bayan zai biyo. Ka saurare shi da girmamawa, ka ba shi ruwa, sannan ka ce: "Baba, na ji, amma maganar nan hannunsa take, mu je tare wurinsa." In ma shugaban ne ya yi kuskure, ku gyara ku biyu a ɗaki, shi ya fito ya sanar da gyaran da bakinsa.

Kuma ka shirya ganin an yi abu ba yadda kai za ka yi ba. In sakamakon ya fito, haɗiye.

7. Zaman Litinin

Sau ɗaya a sati, awa guda, lokaci guda, waya a kife. Mu ƙarfe takwas muke yi kafin zafi da masu sallama su taso. Kowa ya zo da lambobinsa a takarda, mai kuɗɗi ya fara, da canjin naira na ranar don mu rabin cinikinmu da ita ake yi, in ta faɗi cikin sati ribar da kake gani a takarda ta tafi. Sai mai aiki, buhu nawa ya shigo nawa ya fita nawa ya lalace, awa nawa wuta ta ɗauke. Sai mai kasuwa. Kai ka yi magana a ƙarshe, don in ka fara kowa "haka ne Alhaji" zai ce. Mutum guda ya rubuta abin da aka yanke, wa zai yi, wace rana, ya tura a gurup ɗin WhatsApp na ku kaɗai kafin azahar. Litinin mai zuwa da wannan takardar za a buɗe.

Sau ɗaya a wata kuma ka zauna da kowane shi kaɗai, abin da ba zai faɗa gaban sauran ba nan zai fito. Sau ɗaya a wata uku ku ɗauki yini guda ku yi maganar "in kaza ta faru". Mu nan ba sai an ba mu labari ba, a watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyaka sama da shekara, a 2023 bayan juyin mulki aka sake rufewa har da yanke wuta. In iyaka ta rufe gobe ina za mu kai kaya, in wuta ta yi kwana uku man gurup na kwana nawa gare mu, waɗannan tambayoyin manyanka ne ya kamata su zo da amsarsu.

8. In sun fara faɗa da juna

Za su yi. Mai kasuwa na son a ba da bashi, mai kuɗɗi na hanawa, mai aiki na cewa an yi wa mai saye alkawarin ranar da ba za ta yiwu ba. Wannan faɗan lafiya ne, aikinsu ke nan. Wanda ba shi da kyau shi ne kowa ya riƙa zuwa maka shi kaɗai da tsegumin ɗan uwansa. Kar ka karɓa. Ka ce su zauna su biyu su kawo maka mafita zuwa gobe, in sun kasa ka yanke a gabansu duka, da dalili. In kuwa ba ka taɓa jin sun yi musu ba ko sau ɗaya, ka binciki kes.

9. In kujera ta fi ƙarfin mutum

Wanda ya riƙe mutum biyar da kyau ba lalle ya iya ashirin ba. Alamunsa, lambobinsa kullum "gobe", mutanen kirki na ƙarƙashinsa na ta ajiye aiki, kuma ayyukansa sun fara dawowa teburinka. Faɗa masa a fili, ku biyu, da misalai, ku sa wata biyu ko uku da abin da za a gani, a rubuce. In bai canja ba, duba ko akwai wata kujerar da ta dace da shi ba tare da an taɓa albashinsa ba, musamman in tsohon hannu ne. In rabuwa ce, ka bi doka, takardar gargaɗi, wa'adin sanarwa, haƙƙinsa har na konje, ka leƙa ofishin sufeton aiki su lissafa maka kafin ka kira shi. A ranar a karɓi makullai, a cire sa hannunsa a banki, a canja lambobin sirri. Kar ka ɓata shi a gari, Maradi ƙarama ce, gobe a jana'iza sahu guda za ku tsaya.

10. Yi tafiya ka gani

Bayan wata shida da naɗa su, ɗauki kwana goma ka bar garin. Ka ce kira ɗaya za ka amsa a rana, bayan isha'i, daga mutum guda da ka bar wa riƙo. Tafi da kayen nan na mataki na 1, duk abin da aka kira ka a kansa ka rubuta. In ka dawo kar ka fara da faɗa, ɗauki jerin ku bi shi ɗaya bayan ɗaya a zaman Litinin, kowane ka tambaya me ya hana a yanke shi ba da kai ba. Wani za ka tarar iyakar kuɗɗin ce ta yi ƙasa sai a ɗaga, wani ba a san hannun wa yake ba sai a ba shi mai shi. Ni tafiyata ta farko kira goma sha ɗaya na rubuta duk da dokar da na kafa, huɗu daga ciki a kan makullin ƙaramin magaze ne, ashe yana cikin aljihun rigata na tafi da shi Yamai.